Jirgin Da Ba Ya Ɗaukar Fasinja



Tambayar da na zo mana da ita a wannan babi ƙarama ce a baki, amma in an ɗauka tana da nauyi. In mutum baligi, mai hankali, mai iyali, ya zauna ya kwashe wata shida ko shekara guda, kai wani ma har shekara uku, yana ƙera abin da ba ci za a yi ba, ba sawa za a yi ba, ba kuma kasuwa zai kai ya samo ko kuɗin gishiri ba, shin aikin banza ya yi? Na san wata za ta ce, “Haba baiwar Allah, wannan ma har tambaya ce? Ai ko makaho ya shafa ya san aikin baban giwa ne.” To a yi mini haƙuri a biyo ni a sannu, in mun kai ƙarshe kowa ya yanke hukuncinsa.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wasu bayin Allah da ba su da abin sha'awa a duniya irin ƙera ƙananan jiragen ruwa. Ba irin na robar nan da ake sayo wa yara a kasuwar Sabon Gari nake nufi ba. Shi mai wannan sha'awa sai ya zaɓi wani jirgi na gaske wanda ya taɓa yawo a teku, ya nemo zanen da aka bi aka gina shi, sannan ya rage komai da komai da awo ɗaya. Mu ɗauki Titanic, jirgin nan da ya nutse a 1912, wanda da yawanmu muka ga fim ɗinsa. Tsawonsa mita 269 ne. In aka ce za a yi shi a kan awon 1 cikin 350, wato duk abin da ke jikinsa a raba girmansa gida 350, to zai fito santimita 77, bai ko kai taɓarya tsawo ba. Ƙofar da ƙato ke shigewa a tsaye sai ta koma kamar ƙwayar shinkafa, amma dole ta zauna daidai inda take a jirgin gaske. In taga goma ce a jere, to goma za a yi, ba tara ba, ba sha ɗaya ba.

Masu yin na katako sun fi shan wuya. Akwai jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory, wanda aka saka a ruwa a 1765, har yau kuma yana ajiye a garin Portsmouth, yana cikin waɗanda suka fi son kwaikwaya. Sai an fara kafa haƙarƙarin jirgin, sannan a yanko katako siri-siri kamar tsinken tsire, a jiƙa shi ko a turara shi ya yi laushi, a tanƙwara, a manna ɗaya bayan ɗaya. In an gama jiki sai a koma kan igiyoyi, ɗaruruwa, kowace da inda take tasowa da inda take ƙarewa, ana ƙulla su da hantsaki ana dubawa da gilashi mai ƙara girman abu. Mutum ya taso daga aiki, ya ci abinci, ya ba abin awa ɗaya ko biyu, gobe ma haka, har shekara ta zagayo. Ranar da ya gama sai ya sa shi a akwatin gilashi ya ɗora a kan kanta, shi ke nan. Jirgi ne da ba ya ɗaukar fasinja, wani ma har abada ba zai taɓa ruwa ba.

Kuma fa ba ɗaiɗaiku ba ne, jama'a ce guda. Suna da ƙungiyoyi gari-gari. A Amurka akwai wata da ake kira Nautical Research Guild tun 1948, har mujalla take fitarwa a kan wannan harka. Sukan sa rana su haɗu, kowa ya zo da abin da ya ƙera ko da bai gama ba, a kewaye shi ana dubawa. Likita da direban babbar mota da tsohon soja duk a benci ɗaya, ba mai tambayar albashin wani, hannu kawai ake kallo. Tsoho ya nuna wa sabon shiga yadda ake tanƙwara katako ba tare da ya karye ba, wannan ya ba wancan aron zane, wani ya ce wa abokinsa, “Wannan igiyar ba nan take ba, kwance ka sake.” Abin kuma ya daɗe a duniya, domin da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a ƙasar Masar a 1922, cikin kayan da aka tarar har da ƙananan jiragen ruwa guda 35, aikin mutanen da suka mutu sama da shekara 3,000.

Kada wani ya ce ai wannan rigimar Turawa ce, sun ƙoshi sun rasa abin yi. Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ko Gyallesu ko Tudun Jukun ya san mu ma muna da namu. Da zarar kaka ta yi an yanke dawa, kara ya samu, sai ka ga yara maza sun yi da'ira a gindin katanga da tsohuwar reza. A ɓare bayan karan a fitar da tsinkaye, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a soka wannan cikin wancan, kafin la'asar mota ta tashi. Waɗanda suka ɗan tasa sai su koma gwangwanin madara da langa-langa da waya, a yanko taya daga tsohon silifa, a sa doguwar sanda mai sitiyari wadda in an murɗa tayar gaba ta juya. Da yake mu ba mu da teku, Kubanni da Galma ne iyakarmu, yaranmu sun fi ƙera mota da jirgin sama, don su ne idonsu ke gani. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a nan Zariya a 1964, ƙananan jiragenta na shawagi a kanmu tun muna goye. Jirgin ruwa kuwa sai da damina, in an ɗauke ruwa kwata ta cika, a naɗe takarda ko a fafe guntun gwangwala a saka, a bi shi da gudu ana ihu har ya kife.

Su ma waɗannan yara suna da ƙungiyarsu, ko da ba ta da suna ba ta da rajista. A kowane layi akwai gwani wanda kowa ke kai wa aikinsa ya duba. Akwai mai nemo gwangwani a bola, akwai mai bugun sa da dutse ya miƙe, akwai ƙaramin da aikinsa riƙe waya kawai har ranar da za a yarda ya lanƙwasa da kansa. Kuma ba sa yi wa juna kara. Za ka ji an ce, “Kai wannan ba Marsandi ba ce, dubi gabanta, Fijo ce.” Yaro ya ji haushi, ya kumbura baki, amma sai ya koma gefe ya kwance ya sake. Ba wanda ya sa shi, ba maki za a ba shi ba, ba kuma bulala yake tsoro ba.

Abin da yakan biyo baya kowa ya sani. Uwa ta leƙo zaure ta ce, “Kai ɗan nan, tun safe kana nan kana tara mini shara? Tashi ka ɗauki robar nan ka kai mini niƙa.” Uba ya dawo ya yi tuntuɓe da mota a ƙofar ɗaki, ya sa ƙafa ya take aikin kwana huɗu, ya ce, “Sa'anninka na can suna neman na kansu, kai kana nan kana shiririta.” In kuwa yaro ya girma bai bari ba, to ya shiga uku da bakin unguwa, wannan ya ce yarinta ce ba ta sake shi ba, wancan ya ce a dai bincika ko akwai iska. Ba mugunta ke sa iyaye haka ba, tsoron talauci ne, kuma wanda ya taɓa kwana da yunwa ba zai raina wannan tsoro ba. Sai dai tsoron ya haifar mana da wata ƙa'ida da ba mu taɓa zama mun duba ba: duk aikin da ba a ga kuɗinsa a tafin hannu kafin magariba ba, wasa ne, wasa kuwa na yara ne.

Masu kare yaran nan sukan kawo hujja ɗaya, su ce ai wasan yau shi ne sana'ar gobe. Kuma gaskiya suka faɗa. Wani injiniyan Ingila mai suna William Froude ya gina dogon kwarmin ruwa a garin Torquay wajen 1872, yana sassaƙa ƙananan jirage da kakin kyandir, yana jan su a ciki yana auna yadda ruwa ke tare su, har ya fitar da lissafin da ake gane halin babban jirgi daga halin ƙaraminsa tun ba a fara gina shi ba. Har yau da irin wannan kwarmi ake gwada manyan jirage. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, mahaifinsu ne ya kawo musu tsarabar wani ɗan abin wasa na takarda da gora mai tashi sama da roba a 1878, suka yi ta wasa da shi har ya lalace, suka ƙera nasu, a 1903 kuma suka tashi a jirgin sama na gaske. A gida ga Jelani Aliyu, wanda ya taso a Sakkwato yana zane-zanen motoci, shi ya zana samfurin motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A wannan shekara ta 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, yana da shekara 24, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota, har ya ɗaga sama kamar ƙafa 7.

Duk da haka wannan hujja ba ta ishe ni ba. Cikin yaran da suka cika layukanmu da motar kara, nawa ne za su zama Jelani? Sauran teloli za su zama, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da masu tuƙa Keke. Su sun yi asara ke nan? Dattijon da ya yi ritaya yana da shekara saba'in yana manna katakon Victory, wace sana'a yake jira nan gaba? In muka ce darajar abin ita ce wataƙila ya kawo kuɗi wata rana, to mun koma gidan jiya, mun yarda da uban da ya take motar. Bambancinmu da shi kawai, shi yana son kuɗin yau, mu mun yarda a jira. Dole akwai wani abu a cikin aikin kansa, ko ya kawo kuɗi ko bai kawo ba. Labari biyu ne suka nuna mini shi.

Na farko. Tsakanin 1793 da 1815 Ingila da Faransa sun yi ta gwabza yaƙi, Ingila ta tsare dubban fursunonin Faransa a gidajen kaso irin Norman Cross da Dartmoor, wasu kuma a cikin tsofaffin jirage da aka mayar kurkuku. Wani sai ya shekara goma bai ga gida ba. Sai wasunsu suka riƙa tara ƙashin naman da ake ba su a abinci, su wanke, su busar, su fere, su goge, su ƙera ƙananan jiragen yaƙi da shi, igiyoyin kuma su yi da zare ko gashin kai ko gashin wutsiyar doki. Ba shakka sukan sayar su sami 'yan kuɗin kashewa. Amma yawancin waɗanda suka saura a gidajen tarihi, kyan aikinsu ya zarce abin da ciniki ke bukata nesa ba kusa ba. A ganina, mutumin da aka raba da garinsu da matarsa da 'ya'yansa, sai an ce ya kwanta ya kwanta, sai an ce ya tashi ya tashi, ya duba ya ga saura abu ɗaya da yake da iko a kai, wato ya yi wannan ɗan ƙashi daidai. Da wannan ya riƙe hankalinsa da mutuncinsa. Wanda ya taɓa zaman jinya mai tsawo, ko zaman takaba, ko zaman rashin aikin yi, ya san abin da zaman banza ke yi wa zuciya.

Na biyu. A ƙarni na 17 da na 18 maƙeran jiragen sarkin Ingila sukan yi ƙaramin samfurin jirgi, yawanci a kan awon 1 cikin 48, da yawansu suna gidan tarihi na Greenwich a Landan da wasu wurare. A zamaninmu sai masana suka ɗauko irin 'yar kyamarar nan da likita ke zurawa ya leƙa cikin mutum, suka zura ta ta tagogin waɗannan jirage. Sai ga ɗakuna da matakala da ƙofofi an gama su tsaf a can ciki, a ƙarƙashin katakon da aka rufe, wurin da mai aikin ya san ba idon da zai kai. A cikin wasu ma an tarar da 'yar takarda mai sunan maƙerin a ɓoye. Sama da shekara 200 aikin na zaune cikin duhu, ba wanda ya gani balle ya ce sannu.

To jama'a, nan maganata take. Aikin da aka biya ka, kana iya kyautata shi don tsoron mai kaya. Wanda aka sa ka, kana iya yi don tsoron faɗa. Wanda za a gani, kana iya yi don a yaba. Amma in ba kuɗi, ba umarni, ba mai kallo, sannan ka zauna ka yi shi daidai, to abin da ya fito nan shi ne ainihin halinka. Wannan ita ce amana, wadda malamanmu ke ta karantar da mu kullum, cewa mutum ya kyautata aiki ko ba ɗan Adam ɗin da ke ganinsa. Mai ƙaramin jirgi da mai motar kara, ko sun sani ko ba su sani ba, horon wannan hali suke yi wa hannunsu.

Mu kuma duba abin da ya fi damunmu a yau. Ki kai ɗinki, waje ya yi kyau, ki juya ciki ki ga zare na reto, wanki biyu ya farke. A ba magini siminti buhu goma, ya sa bakwai, ya shafe da fenti. Makanike ya ɗaure da waya inda ya kamata ya sa kusa, ya ce, “Alhaji, ta yi, sai Kaduna.” Mai awo ya buga gindin mudu. Kowa na kuka da kowa, kowa kuma in ya samu dama sai ya yi. Muna ta wa'azi a kan ha'inci, wa'azin kuwa yana da amfani, amma kunne kawai yake shiga, hannu sai ya saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kwance motarsa gaba ɗaya don tayar baya ta ɗan karkace, alhali ba wanda ya lura sai shi, yana koyon abin da ba a rubutawa a allo. Ranar da muka take motar, da wannan darasi muka haɗa muka take.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce, domin rai na tafiya a cikinta. A 1628 aka gama gina wa sarkin Suwidin wani ƙasaitaccen jirgin yaƙi mai suna Vasa, an ƙawata shi da sassaƙe-sassaƙe, an ɗora masa manyan bindigogi 64. Sai dai samansa ya yi nauyi, ƙasansa bai kai ba. Kafin ya tashi aka gwada shi, aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Sau uku kawai suka yi aka tsayar da su, don jirgin na neman kifewa tun yana ɗaure. Waɗanda suka gani da idonsu suka ja bakinsu suka yi shiru, sarki na jiran jirginsa. Ranar 10 ga Agusta ya bar bakin gaɓa a Stockholm, bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kaɗa shi, ruwa ya shiga ta tagogin bindiga, ya nutse a gaban jama'a da mutum wajen 30. Sai a 1961 aka tsamo shi, yau kuma yana cikin jiragen da masu wannan sha'awa ke yawan ƙerawa.

Mu namu ba sai an je tarihi ba. A watan Mayu na 2021 jirgi ɗauke da sama da mutum 150 ya dare a kogin Neja wajen Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi, aka yi kwana da kwanaki ana tsamo gawa. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai ta jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni na 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu. Ba cewa nake motar kara za ta hana jirgi kifewa ba, akwai talauci a ciki, akwai rashin hanya da gada, akwai rashin rigar ruwa, ajali kuma in ya zo ba makawa. Amma sau da yawa in aka bi diddigi za a tarar da awon da aka raina, jirgi an lafta masa abin da ya fi ƙarfinsa, da kuma gaskiyar da wani ya gani ya ƙi faɗa. Waɗannan abubuwa biyu kuwa, girmama awo da faɗa wa ɗan'uwa gaskiya a kan aikinsa, su ne abin da masu ƙananan jirage ke koya wa junansu a benci, yaranmu kuma a gindin katanga.

Kyan hannu kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994 sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, an sassaƙa shi daga icce guda, gaba da baya a fiƙe. Da aka auna shekarunsa aka samu wajen 8,000, ba a taɓa samun jirgin da ya kai shi tsufa ba a duk Afirka. Wanda ya sassaƙa shi ko ƙarfe babu a zamaninsa, amma bai yi aikin a-wuce-wurin ba.

Yanzu bari in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, kada a ce na ɗaure wa shiririta gindi. Sha'awa tana iya zama maye. In uwargida ta ce, “Malam, garin tuwo fa ya ƙare,” shi kuma ya ce, “Bari in gama manna wannan,” har yara suka kwana da yunwa, to wannan zalunci ne, ko da jirgin ya fi na kowa kyau. In kuɗin makarantar yara ya tafi sayen gam da fenti, ko aka kira salla mutum na ƙulla igiya har lokaci ya fita, ko yaro ya bar karatu ya tare a bola, to an ɗora abu a inda ba wurinsa ba. Mai amanar gaske ba zai kyautata wa katako ya ci amanar matarsa ba. Haka kuma gwaninta takan jawo girman kai, gwani ya riƙa raina sabon shiga har ya kore shi. Duk wannan gaskiya ne, farilla ita ce gaba. Tambayata ita ce, bayan an sauke farilla, ina sauran lokacin yake tafiya? Namiji ya yi awa uku a teburin mai shayi yana musun ƙwallon Ingila, ba mai ce masa komai. Mu mata mu yi awa uku a kan waya ko gaban fim, ba mai cewa muna da iska. Sai wanda ya ɗauki awa ɗaya ya ƙera wani abu da hannunsa, shi ne mahaukacin unguwa. Wannan hukunci akwai son kai a ciki.

'Yan'uwana mata, mu ma fa abin ya shafe mu, har ya fi. Wace ce a cikinmu ba ta yi 'yar tsana da kara ba, ta ɗinka mata zane da ƙyallen tela, ta gina tukwane da laka, ta jera ɗakin amarya da kwalin ashana? Amma mu tun muna shekara bakwai ake ɗauke mu a ɗora mana tiren talla ko goyon ƙani. In mun girma, duk abin da hannunmu ya iya, tambayar farko ita ce, “Nawa kike sayarwa?” Alhali mu muka fi kowa sanin sirrin nan. Matan cikin birnin Zariya masu ɗinkin hannu na manyan riguna, da masu ɗinkin hula, in suna son sanin gwana ba fuskar aikin suke kallo ba, juyawa suke su duba bayansa. Mu masu rubutun littafi ma haka muka faro, da biro da littafin makaranta, da dare bayan yara sun yi barci, ba tabbacin za a buga balle a saya. Da marubutan Kano suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama a farkon shekarun 1990 suna duba aikin juna suna taimakon juna wajen bugawa, ba irin sunan da ba a kira aikin nasu ba, ga shi yau ana nazarinsa a jami'o'i.

Saboda haka ga roƙona. In ɗanki ko 'yarki na da wannan hannu, ki yanka masa lokaci: bayan makaranta, bayan allo, bayan aike, wannan awa taka ce. Ki ba shi tsohon kwali ya riƙa adana kayansa, kin huta da shara shi kuma ya huta da fargaba. In ya kawo miki ki duba da gaske, kada ki ce “ya yi kyau” kina kallon tukunya. In taya ta karkace ki ce ta karkace, don yabon ƙarya ma ha'inci ne. Iyaye maza, in kun yi tuntuɓe da mota a ƙofa, ku ɗaga ta ku ajiye gefe, ba abin da zai ragu a girmanku. Malaman firamare kuma, darasin aikin hannu da a wasu makarantu ya koma yaro ya sayo tsintsiya ko ya kawo kuɗi a ba shi maki, ku ji tsoron Allah, wannan koya wa yaro sayen abin da bai yi ba ne tun yana aji uku. In kuwa maigida ne mai sha'awar, kuma bai rage ki da komai ba, to 'yar'uwa ki gode wa Allah, kin san inda yake da dare.

Aikin banza yana nan, ba na musu. Shi ne wanda aka yi da ha'inci, ko da an biya miliyan. Wanda kuwa aka yi shi daidai, ciki da waje, bayan an ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, ba na jin ya cancanci wannan suna, ko da na kara ne, ko da damina ɗaya ce za ta cinye shi. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana a inda ake ganinmu da inda ba a ganinmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a hannuwansu. Amin.

Taku har kullum,
daga Tudun Wada, Zariya.